Ranar da muka ɓata tsakanin Bagauda da Tiga

A hutun hunturun da ya wuce na je wa kawuna kwana biyar a wani ƙauye da ke tsakanin tafkin Bagauda da madatsar ruwa ta Tiga, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji. Na tafi da ƙanena, ɗan shekara 13 da ke aji biyu na ƙaramar sakandare. Rana ta biyu Kawu ya aike mu da kuɗin ma'aikata zuwa gonarsa ta rake. Da safe muka bi ɗaya daga cikin masu aikin, amma shi can zai kwana, dawowar tamu ce mu kaɗai. Kawu ya tsaya zai yi mini kwatance, na ɗaga masa wayata na ce, "Kawu, huta abinka, na riga na saka gidan nan a taswira." Ya dube ni, ya dubi wayar, ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya."

Bayan la'asar muka kamo hanyar gida, kowa da karan rakensa. Ba mu yi nisa ba wayar ta mutu, don tun safe muke ɗaukar hotuna da ita. Hazo kuwa ya sauko har ba a ganin inda rana take, sama duk ta yi fari fat. An gama girbi, gonaki sun zama iri ɗaya: kunya, kututturen dawa, kaɗanya nan, ɗorawa can. Na ce wa yaron kada ya damu, miƙewa kawai za mu yi.

Muka zauna a gindin wata kuka muka sha rake, muka tashi. Bayan tafiyar da ta kusa awa guda muka sake isowa wata kukar. Ƙanena ya tsaya, ya nuna ƙasa, ya ce, "Yaya, wannan ba ɓawon rakenmu ba ne?" Shi ne kuwa. Gabana ya faɗi. Magariba ta kusa, sanyi ya fara shiga jiki, ruwan gorarmu ya ƙare, ga ɗan mutane a hannuna.

Allah ya jefo mana wani dattijo Bafulatani yana kora shanunsa gida. Muka gaisa, na faɗa masa ƙauyen da muke nema. Bai nuna mana da yatsa ba. Sai ya tambaya, "Da za ku tafi da safe, ta ina iska take dukan ku?" Ni ban lura ba. Ƙanena ya ce, "Baffa, ta kunnen hagu, har sai da na ja hulata na rufe shi." Dattijon ya duƙa ya ɗebi ƙasa, ya sake ta a hankali, muka ga inda ƙurar ta bi. Ya ce, "Ashe kai ne babban. To yanzu ku sa ta ta riƙa dukan bayan kunnenku na dama. Kada ku nemi garin, ku nemi hanyar burji. In kun hau ta ku yi dama, za ta kai ku har ƙofar gida." Ana kiran sallar isha muka shiga gari, mun tarar har an fara haɗa samari da tocila.

Taku nawa ne?

Washegari Kawu bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Daga nan zuwa gonar, taku nawa ne?" Na yi dariya, na zaci wasa yake. Ashe da gaske yake. Yana saurayi ya yi wa masu safiyo aikin jan igiyar awo lokacin da ake gina madatsar Tiga, wadda aka yi a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. A wajensu ya koyi cewa kowane mutum yana yawo da ma'auninsa a jikinsa.

Ya kai mu filin ƙwallon firamaren garin, ya auna mita 100 da tef, ya kafa dutse a kowane ƙarshe. Ya ce mu yi tafiyarmu ta yau da kullum, ban da gudu, ban da buɗa ƙafa don burgewa. Za mu fara da ƙafar dama, amma ƙafar hagu kaɗai za mu riƙa ƙirgawa duk lokacin da ta taɓa ƙasa. Hakan ya rage aikin ƙirga da rabi, kuma ba a saurin rikicewa. Muka je muka dawo sau huɗu, muka haɗa, muka raba gida takwas. Ni na sami 64, ƙanena ya sami 72. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin 60 da 70, yara kuwa sukan haura haka saboda gajartar ƙafa. Babu lambar da ta fi wata kyau. Abin da ake so shi ne kowa ya san tasa.

Daga nan lissafi ne irin na aji. Idan lambarka 70 ce, ka ƙirga 1,050 daga gida zuwa makaranta, sai ka raba 1,050 da 70, ka sami 15. Wato ka yi mita 100 sau 15, kilomita ɗaya da rabi ke nan. Matsalar ita ce ba mai iya riƙe ƙirge mai tsawo haka a ka, musamman in an haɗu da wani an gaisa. Maganin da Kawu ya ba mu tsakuwa goma ne a aljihun dama. Duk lokacin da ka cika lambarka, ka mayar da tsakuwa ɗaya aljihun hagu, ka sake farawa daga ɗaya. In aljihun dama ya zama wayam, ka yi kilomita guda, sai ka ƙulla ƙulli a igiya ko ka tsinke ɗan kara ka riƙe. Sojoji da masu hawan duwatsu a ƙasashe da dama suna amfani da wata 'yar igiya mai duwatsu tara a ƙasa da huɗu a sama don wannan aikin.

Da yamma muka koma gonar tare da Kawu, muna ƙirgawa. A kan turba lambata ta tsaya a 64. Da muka shiga yashin wani rafi da ya ƙafe sai takuna ya gajarce. Da muka ratsa kunyoyi a gicciye kuwa, kunyar ce take yanka mini taku, ba ni ba. Kawu ya ce dole mutum ya san lambarsa ta wuri mai laushi, da ta hawa, da ta lokacin da ya gaji ko ya ɗauki kaya, domin duk waɗannan suna ƙara yawan taku. Gonar dai ta kama kilomita uku da ɗan ɗoriya. Da na san haka a ranar farko, da zarar tsakuwa ta nuna mun wuce kilomita huɗu ba mu ga gari ba, na san mun kauce, sai mu tsaya tun da sauran haske.

Wannan dabara ta daɗe a duniya. Kalmar "mil" da kakanninmu suke auna hanya da ita ta samo asali ne daga Rumawa, inda take nufin taku dubu na ƙafa ɗaya, kusan mita 1,480. A shekarar 1865 wani malamin makaranta ɗan Indiya, Nain Singh, ya kama hanyar Lhasa ta ƙasar Tibet a ɓoye don ya auno ta. An horar da shi ya riƙa yin taku 2,000 a kowane mil, yana riƙe ƙirgen da carbi mai ƙwaya 100. Har tururuwa ma tana yi. A 2006 masana sun ba da rahoton gwajin da suka yi da wata tururuwar hamada a Tunisiya: waɗanda aka liƙa wa gashin alade a ƙafa don ƙafafun su ƙara tsawo sun wuce raminsu, waɗanda aka rage wa ƙafa kuwa sun tsaya neman ramin tun ba su iso ba.

Me ya sa muka yi zagaye?

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne komawa gindin kukar nan, alhali na rantse miƙewa muke yi. Daga baya na gano ba ni kaɗai ba ne. A 2009 wani mai bincike, Jan Souman, da abokan aikinsa na cibiyar Max Planck da ke Jamus sun saki mutane a wani daji na Jamus da kuma Hamadar Sahara, suka ce su miƙe sosai, suna bin sawunsu da na'ura. Muddin ana ganin rana, mutanen sun miƙe. Da gajimare ya rufe ta, sai suka dinga zagaye suna maimaita inda suka wuce ba su sani ba. Ƙananan kurakurai ne suke taruwa idan ido ya rasa abin da zai gyara tafiya da shi.

Saboda haka taku yana gaya maka nisa ne kawai. Sanin inda ka dosa sai an nemo shi daga wani wuri, kuma a ƙasarmu akwai wurare da dama da za a nemo shi.

Na farko rana. Kowa ya san in ka fuskanci gabas, kudu tana damanka, arewa tana hagunka, yamma tana bayanka. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne rana tana fitowa daga tsakiyar gabas ne kawai wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. A watan Yuni mafitarta tana karkata arewa da kusan digiri 24, a Disamba ta karkata kudu da kamar haka. A tafiyar kilomita uku, kuskuren digiri 24 zai kautar da kai fiye da kilomita guda.

Akwai kuma abin da littattafan Turai ke faɗa wanda bai dace da mu ba. Sukan ce da tsakar rana inuwa kullum arewa take nunawa. A yankin Bagauda, wanda yake kusan digiri 11 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen 20 ga Afrilu da 23 ga Agusta. Tsakanin waɗannan ranaku inuwar tsakar rana kudu take nunawa, sauran watanni kuma arewa. Tsakar ranar ma ba ƙarfe 12 daidai ba ce a nan, tana kaiwa wajen 12 da rabi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka kafa sanda a tsaye a wuri mai baje, ka ajiye tsakuwa a bakin inuwarta, ka jira minti 20, ka ajiye wata a sabon bakin. Tsakuwar farko tana yamma, ta biyu tana gabas. Wannan ya fi daidai in rana ta kusa tsakiya.

Na biyu iska, wadda ta cece mu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Mu da safe mun nufi kudu maso gabas, shi ya sa ta daki kunnen hagu. Da damina iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take, amma hadari akasari daga gabas yake tasowa. Ku duba gidajen ƙasa a ƙauyenku, za ku ga bangon gabas ya fi zaizayewa, shi ake yawan yi wa yaɓe. Sai dai iska takan kwanta, takan kuma juya a tsakanin duwatsu, don haka kada a dogara da ita ita kaɗai.

Na uku masallaci. Muna cewa mun fuskanci gabas in za mu yi salla, amma alƙibla daga wannan yanki tana karkata arewa da gabas da kusan digiri 22. In ka ga mihirabin masallacin da aka daidaita da kyau, ka san gabas ta ainihi tana ɗan damansa.

Na huɗu taurari. A daren da hazo ya ɗan yaye, Kawu ya fitar da mu bayan gari. Ya nuna mana Kaza da 'Ya'yanta, a ƙasanta kuma wasu taurari uku a jere kamar an ja musu layi. Waɗannan ukun suna fitowa daga tsakiyar gabas, su faɗi a tsakiyar yamma, kuma da hunturu ana ganin fitowarsu da farkon dare. Jinjirin wata kullum a yamma ake ganinsa bayan magariba, haka Zara in ta fito da daddare. Gamzaki kuwa a gabas yake kafin asuba. Tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, a nan ƙasa-ƙasa yake: miƙa hannunka ka dunƙule shi, tsayinsa daga inda sama ta haɗu da ƙasa bai fi dunƙule ɗaya da kaɗan ba. Hazo ko bishiya kan ɓoye shi. Daga Maris zuwa Yuni an fi samun sa da farkon dare, ta hanyar bin taurari biyu na bakin wasu taurari bakwai masu siffar ludayi.

Dabarar da dattijon nan ya ba mu ta neman hanya maimakon gari ita ma tana da dalili. Ƙauye ɗigo ne a cikin daji, kana iya wuce shi ta dama ko ta hagu ba ka sani ba. Hanya kuwa doguwa ce, da wuya ka kuskure ta. Da gangan ya karkatar da mu kudu da garin, domin in mun hau burji mu san tabbas dama za mu yi. Magudanar ruwan noman rani, da layin turakun lantarki, da burtalin shanu duk suna yin wannan amfani.

Daga Tudun Wada zuwa Riruwai

Rana ta huɗu Kawu ya ce mu je mu ga inda ƙasa take sauya kama. Muka shiga mota muka yi kudu. Bayan Tudun Wada hanyar da ta nufi Saminaka da Jos ta ratsa dajin Falgore, wanda aka keɓe tun 1949 da sunan gandun dajin Kogin Kano. Bishiyoyi sun yi kauri, ba a hango nesa kamar a gonakin Bebeji da Kiru. A nan Kawu ya daina raha. Ya ce dajin ya sha zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane, kuma ba wurin da ɗalibi zai shiga gwada ƙirgen taku ba ne. Ba mu sauka ba sai da muka fita daga cikinsa.

A Riruwai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa, garin da ya yi suna da kuza tun kafin zuwan Turawa, duwatsu sun haura mita 1,000 daga saman teku. Wani matashi ɗan garin ya raka mu muka hau wani ɗan tsauni. Lambata ta 64 ta watse, don a wurin hawa taku kan koma rabi. A irin wannan wuri lokaci ya fi taku amfani. Wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo ƙa'ida a 1892 wadda ake aiki da ita har yau: ka ware awa ɗaya ga kowane kilomita biyar, ka ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Mai yaro ko mai kaya sai ya ƙara a kan haka.

Daga sama Kawu ya nuna mana abin da taswira take faɗa a takarda. Kudu ce tudu, arewa gangare. Kogin Kano daga wannan ɓangare yake tasowa, ya ratsa Falgore ya zuba a Tiga, ya wuce ya haɗu da Kogin Challawa. Wanda ya san haka ya san abin da gangaren ruwa yake gaya masa. Na kuma koyi auna sauran rana: dunƙulen hannu ɗaya tsakanin rana da ƙasa kusan minti 40 ne a nan, domin rana a ƙasarmu kusan a tsaye take faɗawa, duhu kuma ba ya jira.

A hanyar dawowa muka biyo ta Bebeji. Garin tsohon zango ne a kan hanyar Kano zuwa Zariya. Ta nan Baturen nan Hugh Clapperton ya bi a 1826, ta nan kuma sojojin Ingila suka biyo a farkon Fabrairun 1903 kafin su ci Kano. Shekaru aru-aru fatake suna bin irin waɗannan hanyoyi da jakuna, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba. Ba su da taswira a hannu. Sun san zango nawa ne tsakanin gari da gari, sun san kuka da rafi da dutsen da za su gani kafin kowane masauki. Tafkin da muka faro daga gefensa ma sunan Bagauda yake ɗauke da shi, wanda tarihin Kano ya ce shi ne sarkin farko, daga shekarar 999.

Aikin wannan mako

'Yan uwana ɗalibai, ga abin da nake so ku gwada. Ku roƙi malamin wasanni ya auna muku mita 100 a filin makaranta. Kowa ya nemo lambarsa, ya rubuta a bangon littafinsa. Sannan ku auna nisan gidanku da makaranta, ku kwatanta da na abokin da kuke unguwa ɗaya, ku ga ko lissafinku ya zo kusa. Ku kafa sanda a tsakar gida ranar Asabar ku gano gabas da yamma. 'Yan kulob ɗin nazarin ƙasa da 'yan sikawut za su iya zana taswirar makarantarsu gaba ɗaya da taku kawai.

In kuma za ku fita bayan gari, ku gaya wa na gida inda za ku da lokacin dawowa, ku tafi da ruwa, kada ku tafi ku kaɗai. Ku riƙa waiwayawa, domin hanya takan sauya fuska in an juyo. In kun ga kun ɓata, ku tsaya, ku zauna, ku saurara: kiran salla, ƙarar injin niƙa, kukan mota ko daka duk suna nuna inda mutane suke. Ku tambayi na gari da ladabi, matambayi ba ya ɓata. Wayar ma a tafi da ita, tana da amfani, amma a cika ta da caji a kuma bar ɗaukar hoto sai an dawo.

Ranar da za mu koma Kano, Kawu ya rako mu bakin titi. Ƙanena yana gaba, hannunsa cikin aljihu, bakinsa yana motsi. Da muka isa ya juyo ya ce, "Kawu, tsakuwa takwas da taku 30." Kawu ya ce shi a lissafinsa takwas da rabi ne, amma na ɗan koyo ba laifi.